Hajijiyar Asuba: Yadda Aka Gano Tsakuwar da ta Kauce a Kunnena

Ranar da abin ya fara, tsakiyar hunturu ce, ana kiran assalatu. Na farka lafiya lau, babu zazzaɓi, babu ciwon kai, na juya ta hannun dama domin in lalubo tocilan da nake ajiyewa a gefen gado, sai kawai ɗakin ya kama juyawa da ni. Ba duhu ne ya rufe mini ido ba, kuma ba kasalar nan ba ce da mutum kan ji idan ya miƙe da sauri. Silin da fanka da labulen taga ne suka riƙa wulwulawa, kamar lokacin da muke yara muna wasan hajijiya a ƙofar gida har mu zube ƙasa. Na damƙi katifa da hannu biyu ina salati, zuciyata tana tashi, gumi yana keto mini duk da sanyin da ake yi. Kafin uwargida ta gama tambayata abin da ya faru, komai ya tsaya cik, kamar an yi ruwa an ɗauke. A lissafina na lokacin an yi minti biyar, amma daga baya, da aka auna a gaban likita, na gane cewa abin bai taɓa cika minti ɗaya ba.

Na yi alwala na nufi masallaci ina taka ƙasa a hankali. Tsayuwa ba ta ba ni wahala ba, amma da na sunkuya ruku'u sai na ji alamarsa, da na kai goshina ƙasa kuwa sai ya dawo da ƙarfinsa, har sai da maƙwabcina na sahu ya tallafe ni lokacin ɗagowa. Shekarata 54 a lokacin, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Kano, kuma mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa. Saboda haka ba sai na faɗi inda tunanina ya tafi ba tun kafin a sallame.

Da gari ya waye na yi abin da yawancinmu muke yi, na tafi kemis. Mai shagon ya auna jinina ya ce ya ɗan hau, abin da ba mamaki ga wanda ya kwana da tsoro, sannan ya haɗa mini maganin maleriya da na taifod da na ƙarin jini, ya ɗora da ƙwayar Stugeron, ya ce in riƙa sha safe da rana da dare. Ban zarge shi da mugunta ba, domin a wurinmu duk ciwon da ba a gane kansa ba, maleriya da taifod ake fara ɗora wa laifi, kuma ni da kaina na je wurinsa ina son in fito da leda a hannu. Na sha magungunan har suka ƙare, sai Stugeron da ta yi saura. Stugeron ta rage mini tashin zuciya, ta kuma sa ni gyangyaɗi a ɗakin malamai, amma hajijiyar tana nan inda take.

Cikin mako biyu na koyi halinta kamar yadda ake koyon halin mugun maƙwabci. Tana zuwa idan na kwanta, da idan na juya dama a kan gado, da idan na ɗaga kai zan yi rubutu a saman allo, da ranar da mai aski ya kwantar da kaina baya zai gyara mini gemu, wadda ita ce ranar da na fi jin kunya. Idan ina zaune ko ina tafiya kaina a miƙe, ba ta zuwa, sai dai wani ɗan layi-layi da nake ji kamar ina taka katifa. Na koma kwana ta hannun hagu a kan matasai uku, ni da na saba kwanciya ta dama tun ina yaro, kuma na daina tuƙa mota. Game da salla, limaminmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda aka ba mara lafiya damar yin salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kishingiɗe. Na koma salla a kan kujera ina nuni da kai kaɗan, kuma duk da na san halal ne, raina bai daina sosuwa ba duk lokacin da sahu ya tafi sujada ya bar ni.

Shawarwari kuwa ba a magana. Hajiya ta ce iska ce, ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi. Yaya ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙeya, a kira wanzami ya yi ƙaho. Wani abokin aiki ya rantse cewa idanuna ne suke neman tabarau. Na sha rubutun Hajiya da kyakkyawar niyya, domin ban ga yadda addu'a za ta hana zuwa asibiti ba, amma na ba Yaya haƙuri a kan ƙahon. A mako na uku uwargida ta ce, "Malam, wannan abu ya isa haka, gobe asibiti za mu," kuma ban yi musu ba.

Likitan da na fara gani a sashen marasa lafiya na waje matashi ne, bai fi sa'ar ɗana na fari ba. Da na ce masa jiri ke damuna, sai ya ajiye biro ya ce, "Baba, idan ka ce jiri, me kake ji takamaimai? Kada ka sake amfani da kalmar, ka kwatanta mini kawai." Tambayar ta ba ni haushi da farko, don na ɗauka kowane Bahaushe ya san jiri, amma da na fara ƙoƙarin amsawa sai na ga hikimarta. Muna cewa jiri, muna cewa juwa, muna cewa hajijiya, muna musanya su yadda muka ga dama, alhali abubuwan da muke nufi ba ɗaya ba ne. Akwai wanda idanunsa ke yin duhu, jikinsa ya saki, ya ji kamar zai suma, kuma wannan galibi alama ce ta jini bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba, ko don jinin ya sauka lokacin miƙewa, ko ƙarancin jini, ko ƙishirwa, ko faɗuwar suga, ko bugun zuciya da ya rikice. Akwai wanda kansa lafiya, ƙafafunsa ne ba sa ba shi gaskiya, yana tangaɗi idan yana tafiya, kamar yadda ake gani ga tsofaffi da masu ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsu suka mutu. Sannan akwai wanda yake ganin duniya tana juyawa alhali tana tsaye, kuma wannan ya fi nuni ga kunnen ciki ko sashen ƙwaƙwalwa da yake hulɗa da shi. Nawa na ukun ne ba tantama.

Bai tsaya kan wannan ba, domin ya ce mutane sukan sauya kwatancensu daga safe zuwa yamma, amma abu biyu ba su cika sauyawa ba: tsawon lokacin da abin ke ɗauka, da abin da ke tayar da shi. Ya tambaye ni ko jina ya ragu, ko kunnena yana ƙara, ko ina ciwon ɓarin kai, ko na taɓa buguwa a ka, da irin magunguna da alluran da aka yi mini kwanan nan. Sai ya koma kan abin da ya hana ni barci. Ya sa na yi murmushi, na ɗaga hannaye biyu, na taɓa hancina da yatsa sannan na taɓa yatsarsa, na bi biro da ido, na yi tafiya a kan layi ɗaya, na tsaya ƙafa a haɗe ido a rufe. Ya gaya mini a fili cewa bugun jini a bayan ƙwaƙwalwa, wato irin matsalar da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, yana iya zuwa da siffar jiri, kuma alamomin da ba a kwana da su a gida su ne ganin abu biyu-biyu, da sarƙewar harshe, da karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa, da wahalar haɗiya, da sabon ciwon kai mai tsanani, da kasa tsayuwa ko tafiya sam. Ba ni da ko ɗaya daga cikinsu. Na tuna cewa mahaifinmu da maganarsa aka fara gane an samu matsala, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Nas ta auna jinina ina kwance, sannan ta sake aunawa bayan na miƙe. Likitan ya bayyana cewa idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku da miƙewa, to jirin na saukar jini ne. Nawa bai motsa ba. An ɗebi jini aka duba yawansa da suga da maleriya, duk suka fito lafiya. Ya rubuta mini takardar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa. Na roƙe shi ya haɗa da hoton ƙwaƙwalwa, ya ce in bari likitan kunne ya fara gani, kada in kashe albashin wata guda a kan hoton da mai yiwuwa ba zai nuna komai ba.

Sai da na jira kwana goma kafin ranar da aka ba ni ta zo. A kan bencin jira ne na fara fahimtar cewa gidan jiri ɗakuna ne da yawa. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah wadda ta ce nata yakan kwantar da ita tun hantsi har la'asar, da amai, kunnenta na hagu ya toshe yana ƙugi kamar injin niƙa, kuma jinta yana raguwa a hankali. An hana ta yawan gishiri da dunƙulen miya, an ɗora ta a kan magani na dogon lokaci. Akwai kuma wani dattijo da sanda, wanda ya ce shi duniya ba ta juya masa, amma tun da aka yi masa doguwar allurar tarin fuka shekaru da suka wuce, ba ya iya tafiya cikin duhu, kuma idan yana tafiya da rana sai ya ga gine-gine suna rawa. Na saurare su ina kwatantawa da nawa, na ga ban da sunan babu abin da ya haɗa mu.

Likitar da ta duba ni mace ce mai natsuwa, ba ta da gaggawar magana. Ta karanta takardar, ta sake yi mini kusan duk tambayoyin da aka yi mini, ta leƙa kunnuwana da 'yar fitila ta ce dodon kunne lafiya, babu ruwa, babu dauɗar da ta toshe. Ta tura ni awon ji, inda aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa mini abin sauraro, ina danna maɓalli duk lokacin da na ji ɗan sauti. Sakamakon ya nuna kunnuwan biyu daidai suke. Da na dawo ta tambaye ni ko ina da ciwon wuya ko na baya, ta juya wuyana a hankali ta tabbatar, sannan ta ce, "Malam, yanzu zan tayar maka da hajijiyar da gangan. Ba za ka ji daɗi ba, amma ina riƙe da kai, kuma abu ɗaya nake roƙo: kada ka rufe ido, domin idonka ne zai gaya mini abin da nake nema."

Ta zaunar da ni a kan gadon gwaji, ƙafafuna a miƙe, ta yadda idan na kwanta kaina zai zarce ƙarshen gadon. Ta fara da hagu. Ta juya kaina rabin juyi, wato digiri 45, ta kwantar da ni da sauri har kaina ya ɗan rataya a hannunta, muka jira. Babu abin da ya faru. Ta tayar da ni, na huta, sannan ta juya kaina dama ta sake kwantar da ni. Daƙiƙa biyu ko uku na farko shiru, har na fara tunanin ciwon zai kunyata ni a gaban likita kamar yadda mota kan daina ƙara idan an kai ta wurin bakanike, sai kuma ya taso gaba ɗaya. Na ji kamar an ɗauki gadon ana juya shi a sama, na riƙe hannun nas ina kiran sunan Allah, likitar kuma tana cewa, "Buɗe ido, buɗe ido, ga shi nan." Uwargida, wadda take tsaye a gefe, ta gaya mini daga baya cewa ƙwayar idona ta riƙa fizga tana murɗawa da kanta, abin da ya tsorata ta fiye da ihun da na yi. Nas tana kallon agogo, ta ce daƙiƙa 20. Abin da na yi makonni ina rantsuwa minti biyar ne.

Da na dawo hayyacina ta ɗauko wani kunnen roba da ake buɗewa, ta nuna mini abin da ke binne cikin ƙashin kai bayan dodon kunne. Akwai sashe mai kama da katantanwa, shi ne na ji. Kusa da shi akwai bututu uku lanƙwasassu kamar awarwaro, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nahiya dabam, ta yadda duk inda mutum ya juya kai, ruwan ɗayansu zai motsa ya kaɗa wasu 'yan gasu masu laushi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa labari ta jijiya. A gindin bututun akwai 'yan jakunkuna biyu, a cikinsu an shimfiɗa wasu ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya iya gani, na sinadarin kalsiyam irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, kuma nauyinsu ne ke sanar da mutum ina ne sama ina ne ƙasa ko da idonsa a rufe. Ƙwaƙwalwa tana haɗa labarin kunnuwa biyu da na idanu da na jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi, idan suka yi daidai mutum ya tsaya da ƙafarsa ba tare da ya san ana wani aiki ba.

Abin da ya same ni shi ne wasu daga cikin tsakuwoyin nan sun ɓalle daga mazauninsu sun faɗa cikin bututun baya na kunnen dama, wanda shi ne ya fi karɓar irin wannan ɓaraka saboda shi ne a ƙasa. Idan kaina yana miƙe suna kwance shiru. Idan na kwanta ko na sunkuya sai su gangara, su ja ruwan, kunnen dama ya ce ana juyawa, na hagu da idanu su ce ƙarya ne, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata. Da zarar sun kai ƙasa sun zauna, rigimar ta ƙare, shi ya sa ba ta kaiwa minti ɗaya. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffan BPPV, kuma shi ne ya fi kowane ciwon kunnen ciki yawan jawo hajijiya. Ya fi kama waɗanda suka fara manyanta, mata sun fi maza, yakan biyo bayan buguwa a ka ko doguwar jinya a kwance, amma sau da yawa ba a samun dalili. Na tuna wata rana da na buga kaina a ƙarfen Adaidaita Sahu da muka faɗa rami, ta ce yana iya zama shi, yana iya zama shekaru ne kawai. Gwajin da ta yi mini kuwa wasu likitoci biyu ne a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952, kuma har yau babu na'urar da ta maye gurbinsa. Tsakuwoyin ba sa fitowa a hoton ƙwaƙwalwar da na so in biya.

Na tambaye ta wane magani ne zai narkar da su. Ta yi murmushi ta ce babu, mayar da su za a yi inda suka fito, kuma yanzu za a yi. Ta sake kwantar da ni ta dama kamar farko, hajijiyar ta taso, muka jira ta lafa, muka ƙara kamar rabin minti. Ba tare da ta ɗaga kaina ba ta juya shi a hankali zuwa hagu, digiri 90, muka sake jira. Sannan ta ce in mirgina da jikina duka a kan kafaɗar hagu, tana riƙe da kaina har hancina ya fuskanci ƙasa, ina kallon tayil. A nan na ji wani ɗan juyi ya sake tasowa, ta ce alama ce mai kyau, tsakuwar tana tafiya. Daga ƙarshe ta zaunar da ni a gefen gado, haɓata a ɗan sunkuye, nas tana riƙe da kafaɗuna don kada in kife. Dukan aikin bai wuce minti biyar ba. Uwargida ce ta samo masa kwatancen da ya fi na likitar, ta ce ai wannan regen shinkafa ne: a karkata ƙwarya nan, a karkata can, har tsakuwa ta taru inda ake so. Dabarar tana ɗauke da sunan John Epley, wani likitan kunne a Amurka da ya wallafa ta a 1992.

Bayan hutun minti goma ta maimaita gwajin, hajijiyar ta zo amma da rauni, ta sake yin juyin karo na biyu. A gwaji na uku na kwanta kaina a rataye ina jiran duniya ta kife, ba ta kife ba. Na yi kusan minti guda ina kallon silin yana tsaye wuri ɗaya, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Kafin in tafi ta karɓi sauran ƙwayar Stugeron da ke aljihuna ta ce in daina. Irin waɗannan magunguna, da Stemetil da ake bayarwa don amai, suna da amfani na 'yan kwanaki idan jiri ya yi tsanani, amma ba sa mayar da tsakuwa, kuma idan aka daɗe ana sha sukan dakushe kunnen su hana ƙwaƙwalwa sabawa, ga tsofaffi kuma sukan jawo faɗuwa. Da na ba ta labarin mutanen benci, ba ta yi magana a kansu ba, amma ta yi mini bayani a dunƙule ta hanyar agogo. Hajijiyar daƙiƙoƙi da juyin kai ke tayarwa, tsakuwa ce. Wadda ke ɗaukar minti 20 zuwa sa'o'i tare da toshewar kunne da ƙugi da raguwar ji, ana zargin cutar da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861, wadda ke da nasaba da taruwar ruwa a kunnen ciki. Wadda ke faɗo wa mutum rana ɗaya ta kwantar da shi kwanaki ba sassauci, sau da yawa kumburin jijiyar kunne ne, amma ita ce kuma ta fi kama da bugun jini, don haka ba a yanke hukunci a kanta a gida. Masu ciwon ɓarin kai ma suna da tasu, wani lokaci ko kan bai yi ciwo ba. Sannan akwai allurai irin su gentamicin da streptomycin da kan lalata sashen daidaito na kunnuwa biyu, lalacewar da ba ta cika gyaruwa ba, sai dai a koya wa mutum dogaro da ido da ƙafa ta hanyar motsa jiki a sashen gashin ƙashi. Na tuna dattijon nan mai sanda, na kuma tuna yadda ake tsira wa mutane gentamicin a shaguna kan ɗan ƙaramin ciwo, jikina ya yi sanyi.

Ta ce idan abin ya ƙi ci bayan an maimaita, ko idan idona ya nuna wani salo dabam, sai a yi zancen hoto da ƙarin gwaje-gwaje, ko a tura ni Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ba a kai ga haka ba. Na yi kamar kwana biyar ina jin ɗan layi da nauyin kai, abin da ta riga ta gargaɗe ni a kansa, ta kuma ce maganinsa tafiya da komawa harkokin yau da kullum, ba kwanciya ba. Abin da ya fi daɗewa shi ne tsoro. Kunnen ya warke amma wuyana ya ƙi yarda, na ci gaba da juyawa da jikina duka kamar mai sanƙarau, kuma sai da na yi kwana uku ina kallon ɓangaren dama na gadon kafin in yi ƙarfin halin kwanciya a kansa. Da na koma bayan mako guda aka sake gwajin ta ɓangarorin biyu, shiru. A ranar, da azahar, na ajiye kujera na kai goshina ƙasa.

Hajiya, da ta ji labari, ta ce lallai a kai ta a mayar mata da tata tsakuwar, domin ita ma ta daɗe tana fama da jiri. Na kai ta da ƙarfin gwiwar wanda ya ɗauka ya zama rabin likita. Aka kwantar da ita dama da hagu, idonta bai motsa ba. Da aka tambaye ta da kyau sai ta ce ita ɗaki ba ya juya mata, duhu take gani idan ta tashi daga tabarma ko ta miƙe daga zaman tahiya, kuma ya fi tsananta da azumin da ya faɗo cikin zafi. Aka auna jininta a kwance da a tsaye, lambar sama ta faɗi da fiye da 20. Maganin hawan jininta ne ya yi mata yawa, ɗaya daga ciki mai sa fitsari ne, ga ta ba mai son shan ruwa ba. Likitanta ya sake tsara magungunan, aka ce ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, aka kuma sa mata ƙarfen dafawa a banɗaki, domin a shekarunta karayar ƙugu ta fi jirin kansa hatsari.

An gaya mini tun farko cewa tsakuwar tana iya sake ɓallewa, kuma ta ɓalle bayan shekara guda da 'yan watanni, wannan karon ma da asuba. Na jira ta lafa ina ƙirgawa, ban kai 30 ba. Na ɗaga hannayena biyu, na kira uwargida na ji muryata daidai, na ce ta dubi bakina, ta ce bai karkace ba. Likitar ta taɓa nuna mini yadda ake juyin a gida da matashi a ƙarƙashin kafaɗu, amma ta ce sai an tabbatar da kunnen da abin yake, kuma a wannan safiyar ban tabbata ba, domin na ji kamar ta hagu ya taso. Na yi sallar asuba a zaune, na bar makullin mota a kan tebur, ɗana ya kai ni asibiti. Kunnen hagu ne kuwa, kuma juyi ɗaya ya isa.